Kawunan tagulla na Benin, in an dawo da su ina za a ajiye su?

Abba Gwammaja: Salam jama'a. Ina da tambaya ga masana tarihin gidan nan. Kullum sai kaji a rediyo wai an dawo da kayan tarihin Benin, Jamus ta miƙa nata, a 2025 ma Holan ta dawo da guda 119. To ni kawunan nan na tagulla da ake nunawa masu wuya cike da murjani har haɓa, su waye? Hotunan sarakunansu ne kawai ko gumaka ne da ake bauta wa? Don in gumaka ne ni gaskiya banga abin murna a dawo dasu ba.

Sani Mai Shayi: Benin ta Kwatano? mu da muke zuwa sarin atamfa bamu taɓa ganinsu ba

Abba Gwammaja: Haba Sani, Benin ta jihar Edo ake magana, ta nan gida Najeriya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Abba. Tambayarka nada kyau amma amsar bata shiga cikin biyun nan da ka lissafa. A masarautar Benin in Oba, wato sarkinsu, ya mutu ɗansa ya hau, cikin ayyukan farko da ke wuyansa akwai kafa wa ubansa wurin tunawa a cikin fada, wato dakali ne na ƙasa mai siffar rabin da'ira jingine da bango, sai ya kira maƙeran zubi na fada ya sa su zuba kawunan tagulla a jera a kai, galibi bibbiyu, wannan gefe da wancan gefe. In ka lura da hotunan da kyau zaka ga kowane kai akwai rami a samansa, wasu suna ɗauka ɓalle wa yayi, a'a da gangan aka bar shi, nan ake soke hauren giwa guda sukutum wanda aka sassaƙe shi tun daga gindi har tsini da surorin sarakunan da, mayaƙa, bokayen fada da dabbobi. Bayan kawunan akwai ƙararrawa ta tagulla mai kusurwa huɗu, akwai sandunan katako dogaye a jingine a baya, har da duwatsun nan masu kama da bakin gatari da mu ma muke cewa gatarin aradu, su ma suna ajiye su a wurin.

Kuma ba kamannin mutum ake ɗauka ba. Ko sarki ya mutu yana tsoho tukuf ba haƙori, kan da za a zuba masa fuskar mai jini a jika ce, kumatu cike, ido buɗe an dasa baƙin ƙarfe a ƙwayar idon, ga tsaga a saman gira. Shi yasa baka iya duban kai kace wannan wane ne sai in kasan dakalin da aka ɗauko shi. Ka riƙe wannan maganar don zamu dawo kanta.

Ustaz Nura: Malam Habu Allah ya saka da alheri amma bayanin naka ma ai shi ya tabbatar da tsoron Abba. Mutanen Annabi Nuhu haka suka fara. Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra da aka ambata a suratu Nuh mutanen kirki ne, da suka mutu aka ce a yi surarsu don a riƙa tunawa dasu, waɗanda suka kafa basu bauta musu ba, da suka shuɗe jikoki suka zo ilimi ya tafi sai aka koma roƙonsu. Duk inda kaji an ce "tunawa ce kawai" kuma ga dakali ga yanka to sunansa shirka, ko da zinare aka zuba shi balle tagulla.

Osas Sabongari: Ustaz barka da dare. Ni ɗan Edo ne, a Sabon Gari Kano aka haife ni shi yasa kuke jin Hausata haka, amma gidan kakana yana cikin birnin Benin kuma na ga abin da idona ba a littafi ba. Ni Kirista ne bana yi, amma bazan zo nan in yi muku kwaskwarima ince ado ne kawai ba. Eh ana yanka, ana zuba jini, ana fasa goro, ana shafa farar ƙasa, ana kiran sunan mamaci a roƙe shi ya tsare gida. Wannan gaskiya ne.

Abin da nake so a gane shine ba ƙarfen suke kira ba, uban suke kira, kuma a gidajen talakawa ma babu tagulla sam. A da doka ce, tagulla ta Oba ce da uwarsa, manyan hakimai nasu kan katako ne, maƙeran zubin su kansu na yumɓu suke yi wa iyayensu. Mu irin gidanmu sanda ce kawai, ukhurhe ake ce mata. Sanda ce doguwa an sassaƙa ta gaɓa-gaɓa, wajen sama an rarake ciki an bar wani ɗan guntun itace a ciki yana motsi, in ka buga gindinta a ƙasa sai tayi kacau kacau. Kowane uba da ya mutu aka gama masa biki ana ƙara tasa, to in ka shiga ɗakin ka ƙirga sanduna ka san iyaye nawa suka wuce a gidan. Ina yaro in munje hutun Kirsimeti baffana babba zai tsuguna gaban dakalin da sassafe, ya ɗauki sandar kakanmu ya buga, ya fasa goro ya ajiye ɓari ɗaya, sannan ya fara magana kamar mutumin yana zaune a wurin, yana faɗa masa wance ta haihu, wane ya samu aiki a Legas, wane kuma ya ƙi jin magana ka ja masa kunne. Har dariya take bamu mu yara.

Ustaz Nura: To ai ka gama magana da bakinka Osas. Su ma mushirikan Makka cewa suka yi ba dutsen muke nufi ba, kusantar damu suke ga Allah. Mamaci baya tsare gida, shi kansa addu'a yake jira.

Osas Sabongari: Faston cocinmu ma abin da yake faɗa kenan Ustaz, a nan kam bakinku ɗaya. Mamata ko ƙofar ɗakin bata yarda mu taka in tana kusa. Ni bayani nake ba wa'azi ba. Su a wurinsu akwai Osanobua mahalicci a sama da kowa, iyayen da suka mutu kuma suna can ɗaya duniyar amma basu fita daga cikin dangi ba, haka suka ɗauka.

Hajiya Binta: Ustaz a yi haƙuri a bar yaron nan ya ƙarasa, tambaya aka yi kuma shi ne ɗan gida. Hukunci mun sani ba wanda yace halal ne. Kuma kai ka fi ni sanin ayar da ta hana zagin abin bautar wasu don kar su rama da zagin Allah. Osas ci gaba ɗana, me yasa babban ɗa ne kawai ke yi?

Osas Sabongari: Na gode Hajiya. Don shi ne ke gadon gidan. A al'adarmu in uba ya mutu akwai binnewa sannan akwai biki na biyu, babban ɗa namiji ne zai ɗauki nauyinsa, in ya gama shi ke mallakar gidan da uban ya zauna har ya mutu, igiogbe muke cewa, ba a raba shi da sauran 'ya'ya domin a nan dakalin yake. Har kotun ƙoli ta amince da wannan, ko wasiyya uba ya rubuta ya ba wani ɗan gidan to bata aiki a kan wannan gidan. Rigimar da ake yanzu ita ce ɗan fari ya zama ɗan coci, yana son gidan baya son sandunan, ƙannen uba kuma suce ba'a raba su. Na san gidan da aka kwashe sandunan aka kai ɗakin wani kawu a ƙauye don a zauna lafiya, har yau ba'a ga maciji tsakanin ɓangarorin biyu.

To abin da Oba yake yi a fada shi ne dai wannan, sai dai nasa na ƙasa ne baki ɗaya. Shi ma babban ɗa ne da ya gaji gidan ubansa. Akwai bikin da ake kira Ugie Erha Oba musamman don uban sarki, hakimai duk suna zuwa gaisuwa bi da bi gwargwadon muƙami.

Abba Gwammaja: amma me yasa kai kawai? ba hannu ba ƙafa ba jiki

Malam Habu: Domin a tunaninsu rabon mutum da hankalinsa da sa'arsa duk a kansa suke, kuma kan maigida ba nasa bane shi kaɗai, in ya yi kyau iyali sun ji daɗi in ya lalace kowa ya shiga uku. Kan sarki kuwa na ƙasa ne gaba ɗaya. Bikin Igue da suke yi a ƙarshen shekara wajen Disamba ai kan Oba ake yi wa hidima a shafa masa magunguna a yi yanka, daga nan kowane magidanci ya koma gida ya yi wa nasa kan godiyar ganin ƙarshen shekara.

Ɗan Aduwawa: Wlh Malam gaskiya ne, mu da muke kasuwar shanu a nan Benin mun san lokacin, awaki da zakaru tsada suke. Ni abin da ya burge ni unguwar maƙeran ce, titin Igun, ba nisa da fadar. Har gobe zubi suke kuma gado ne, in ba ɗan gidan bane ba ka shiga ƙungiyar. Na tsaya na kalli wani yana yi, da farko ya gina siffar kan da yumɓu ya bar ta ta bushe, sai ya kawo kakin zuma ya lulluɓe ta dashi, a jikin kakin nan yake yin duk aikin, murjanin wuyan nan ɗaya bayan ɗaya yake murza kaki siriri kamar taliya yana jerawa yana datsawa da ɗan ƙarfe, ido, kunne, hula, komai. Sai ya sake rufe shi da laka mai laushi sannan mai kauri ya bar ƙofa, a gasa a wuta kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakken ƙarfe ya cike gurbin da kakin ya bari. In ya huce fasa lakar ake da guduma. Kaga kenan kowane ɗaya tilo ne ba'a maimaita shi, in zubin ya ɓaci kuma aikin sati da satittika ya tafi a banza. Yanzu tsofaffin kan famfo da makullai da tarkacen inji suke narkawa.

Malam Habu: A da kuma mundaye ne na tagulla da Turawan Fotugal suke kawowa a matsayin kuɗin ciniki tun ƙarshen ƙarni na 15, da su ake sayen barkono da hauren giwa, da bayi ma, kar a ɓoye. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna yawancin ƙarfen daga yankin kogin Rhine na Jamus aka haƙo shi. Kuma ana ganin yawan ƙarfen a jikin aikin, kawunan farko sirara ne marasa nauyi murjanin ya tsaya a wuya, na baya kuwa manya ne masu kauri murjani ya hau har ya kusa rufe baki, a ƙarni na 19 har da wasu fukafukai a gefen hula. Amma zubin ya riga zuwan Turawa, su a bakinsu suna cewa zamanin Oba Oguola aka aiko musu gwani daga Ife mai suna Igueghae.

Maman Hanifa: Duk maza ake ta lissafi, matan fa? ko su ba'a tunawa dasu

Malam Habu: Ana yi Maman Hanifa, amma uwar sarki. Oba Esigie a farkon ƙarni na 16 shi ya ƙirƙiro sarautar Iyoba saboda uwarsa Idia, wadda suka ce da dabararta da asirinta ya ci gadon sarauta a kan ɗan'uwansa kuma ya ci yaƙin da suka yi da Igala na Idah. Aka gina mata fadarta daban a Uselu. Kawunan Iyoba zaki gane su da doguwar hula mai tsini ta lanƙwaso gaba, kuma a dakalinsu ne ake ɗora zakaran tagulla. Fuskar nan ta hauren giwa da aka yi tambarin bikin al'adu na FESTAC 77 da ita ai Idia ce, wadda ke bayan tsohuwar takardar naira ɗaya. Najeriya ta roƙi gidan tarihin Birtaniya aron ta asalin don bikin suka hana, sai sabuwa aka sassaƙa.

Maman Hanifa: Ikon Allah, mun kashe kuɗin nan muna yara bamu san mace bace

Injiniya Kabiru: Ni fa kar a mayar da su waliyyai. Turawan da suka shiga garin a 1897 sun tarar da gawarwakin mutane da aka yanka. Wannan dakalin da kuke yabo ba jinin akuya kaɗai ya sha ba.

Malam Habu: Babu musu Injiniya, an yi yankan mutane a fadar Benin, su kansu masana tarihin Edo basu ƙaryata ba. Amma ba tausayin waɗanda ake yankawa ne ya kawo Ingila ba, manja da roba da hanyar ciniki ne. James Phillips mataimakin jakadansu tun a ƙarshen 1896 ya rubuta Landan yana neman izinin tuɓe Oba Ovonramwen, har yana cewa hauren giwan da ke gidan sarki zai biya kuɗin yaƙin. Kaga tun kafin a taɓa kowa an riga an yi lissafin kayan dakalin. A Janairun 1897 ya kama hanya duk da an aiko masa ya dakata sarki yana cikin ibada baya ganin baƙi, aka tare su a hanya aka kashe su, Turawa biyu ne suka tsira. Watan da ya biyo baya Admiral Rawson ya zo da sojoji kusan 1,200 suka ci garin ranar 18 ga Fabrairu, gari ya ƙone, aka kwashe kaya dubbai aka yi gwanjonsu a Turai. Sarki aka kai shi Kalaba ya mutu a can a 1914.

Yanzu ga maganar da nace a riƙe. Sojan da ke kwasar ganima bai tsaya rubuta wannan kan daga dakalin wane sarki na ɗauko ba. An zare haure daga kai, kan ya tafi Balin hauren ya tafi Landan ƙararrawar tana ɗakin wani kyaftin a ƙauyen Ingila. Mutanen da ba rubutu suke ba jerin dakalan nan ne kundinsu, da shi ake sanin wa ya gaji wa. Shi yasa yau zaka ga kai a gilashi an rubuta "wani Oba, ƙarni na 18" shikenan, masana sai kintace suke da kaurin ƙarfe da tsayin murjani. Ko an dawo da duka gobe wannan jerin ba zai dawo ba.

Abba Gwammaja: To Malam ai nan tambayata take. In sun dawo dakalin za'a mayar dasu a ci gaba da zuba musu jini, ko gidan tarihi inda ɗan makaranta daga Kano ko Inugu zai je ya gani?

Barista Zainab: A doka dai an riga an yanke. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a sanarwar gwamnati cewa duk abin da aka dawo dashi mallakin Oba ne, shi ke da ikon ajiya. Tun kafin nan ma zakaran da kwalejin Jesus ta Kambirij ta dawo dashi da kan da jami'ar Aberdeen ta dawo dashi a 2021 fada aka kai su aka miƙa wa Oba Ewuare II. Wasu a Jamus sun yi ta ƙorafi wai sun ba al'ummar Najeriya ne ba mutum ɗaya ba. Ni kuma nace wanda ya dawo da kayan sata baya gindaya wa mai kaya sharaɗin inda zai ajiye. Daga gidan kakansa aka ɗauka ba daga sakatariyar gwamnatin tarayya ba, lokacin ma babu Najeriyar.

Injiniya Kabiru: Barista a ka'ida kin yi daidai amma ni na fi yarda da hukuma ta riƙe, fada in ta rufe ƙofa wa zai ce ta buɗe?

Barista Zainab: Wace hukumar Injiniya? A 1973 Gowon zai je Ingila aka shiga gidan tarihi na Legas aka ɗauko kan Benin na asali, wanda sai da aka sayo shi kafin ya dawo gida, aka kai wa Sarauniya tsaraba. Yana can har yanzu.

Sani Mai Shayi: kai jama'a 😂 an sace an sayo an sake kyautarwa

Osas Sabongari: Yaya Abba bari in kwantar maka da hankali ta wani gefen in kuma tayar maka ta wani gefen. Hidimar kakanni a fada bata tsaya jiran kayan Landan ba. Da Eweka II ya hau a 1914 ya sake gina fada ya tara maƙera suka zuba sabbin kawuna ya kafa wa ubansa Ovonramwen dakali, Akenzua II ya zo, Erediauwa ya zo, yanzu Ewuare II tun 2016, kowa yayi wa ubansa. Kenan dawo da tsofaffin ba zai ƙara yanka ko ɗaya ba, riƙe su a Turai ma bai rage ko ɗaya ba. Fada kuma ta daɗe tana maganar gina gidan tarihinta. Ni son raina a nuna su amma a jera su yadda suke a da, kai da haurensa a sama, ƙararrawa a gaba sanduna a baya, ba kai ɗaya tsirara a gilashi da fitila ba kamar wanda aka fille.

Ustaz Nura: Ni matsayata bata canza ba, aikin shirka ne kuma ina roƙa musu shiriya har da kai Osas. Amma kwace kwace ne ko kayan waye, a mayar musu da abinsu. Zuwa kallo dai ba dani ba.

Osas Sabongari: Na karɓi addu'a Ustaz, mamata ma kullum ita take min

Hajiya Binta: Gidan tarihin Birtaniya fa, su da suka fi kowa tarawa?

Barista Zainab: Suna riƙe da kusan 900 Hajiya, sun fake da wata dokarsu ta 1963 da ta hana su fitar da kaya. Ɗaiɗaikun mutane ma sun fi su kunya, a 2014 jikan wani sojan da yaje yaƙin ya tako har Benin da ƙafarsa ya dawo da ƙararrawa da wani tsuntsun tagulla da ya gada.

Abba Gwammaja: Ɗan Aduwawa in na shigo Benin ka kaini titin nan in ga zubin, ba saye zanyi ba kar Ustaz ya cire ni daga sahu

Ɗan Aduwawa: Sai ka zo, amma kazo da safe kafin rana tayi don in suka hura wutar nan ba'a tsayawa kusa. Kuma ko ka canza ra'ayi zaka saya to ka saya a hannun maƙerin, sabo fes yana ƙyalli. Akwai 'yan kayan tsoho da ke yawo a otal-otal, sabon zubi suke binnewa a ƙasa ya yi tsatsa yayi kore sannan suce maka tun zamanin Esigie ne, wani Alhaji da muke lodi tare saura kaɗan ya zuba kuɗin bijimi biyu a kan irin wannan.